Yadda ake haɗa kundin gajerun labarai don taimakon gidauniya

Tunanin yakan zo ne da zafinsa. An yi ambaliya ko girgizar ƙasa a wani wuri, ko wani marubuci ya yi jinyar ɗan'uwansa ya ga halin da marasa lafiya ke ciki, sai ya ce wa abokan rubutunsa: "Me zai hana kowa ya kawo gajeren labari ɗaya, mu haɗa littafi, kuɗin ya tafi ga mabukata?" Kafin gari ya waye mutum talatin sun ce suna ciki. Bayan wata shida sai ka tarar ko dai babu littafin, ko kuwa littafin ya fito amma wasu a cikin marubutan sun daina gaisawa, don an rasa wanda zai faɗi takamaiman nawa aka samu da inda ya shiga.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1916 marubuciyar Amurka Edith Wharton ta tattara rubuce-rubuce da zane-zanen manyan mutanen zamaninta a littafin The Book of the Homeless, don a tallafa wa waɗanda Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raba da gidajensu. Sai dai ita tana da kamfanin ɗab'i a bayanta, mai akantoci da lauyoyi. Marubutan da ke buga littattafansu da kansu ba su da wannan gatan. Kai da ka ɗauki ragamar, kai ne edita, kai ne kamfanin, kai ne ma'aji, kuma kai za a tuhuma. Shi ya sa zan fara da abin da mutane suka saba bari sai ƙarshe.

Mataki na farko: gidauniyar, kafin labari ko ɗaya ya iso

Zaɓi gidauniya guda ɗaya. Na san akwai jarabar cewa a raba wa uku don kowa ya ji an yi da shi, amma kuɗin kundin marubuta masu zaman kansu ba ya da yawan da za a yanka shi gida uku ya yi auki, ga shi kuma kowace gidauniya da nata sharuɗɗa da takardu. Ka tabbatar tana da rajista a hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji a ƙasarta. A Ingila da Wales hukumar Charity Commission tana da rajistar da kowa zai iya bincikawa a intanet, da lambar kowace ƙungiya da rahoton kuɗinta. A Amurka hukumar haraji ta IRS ce ke da irin wannan jerin. Ƙasashe da dama suna da makamancinsa.

Daga nan ka rubuta musu. Kada ka ɗauka cewa tunda alheri za ka yi, ba ka bukatar izini. Sunan gidauniya da tambarinta dukiyarta ne, kuma duk abin da ka lika musu, su zai shafa. Ka gaya musu su wane ne ku, wane irin littafi ne, yaushe zai fito, kuma ka nemi amsar waɗannan a rubuce: ko sun yarda a ambaci sunansu a bango da talla, ko an yarda a sa tambarinsu, da wace irin jimla suke so a bayyana alaƙarku, ko akwai irin labaran da ba sa son a jingina musu, da kuma sunan ma'aikacin da za ku riƙa hulɗa da shi. Gidauniyar da ke kula da yara ba za ta so sunanta a kan littafin da ke cike da yanka da zubar da jini ba, kuma gara ka san haka yau da ka sani bayan an gama zana bango.

A wasu wuraren ma doka ce. Dokar ƙungiyoyin agaji ta 1992 a Ingila da Wales ta wajabta wa mai kasuwancin da ke sayar da kaya da sunan gidauniya ya yi rubutacciyar yarjejeniya da ita, kuma ya bayyana wa mai saye nawa ne zai isa gare ta. Jihohin Amurka da yawa suna da dokoki a kan wannan. Ka duba abin da dokar inda kake ta ce.

Mataki na biyu: mece ce ma'anar "duk kuɗin"?

A nan ne aka fi samun saɓani, don haka zan ɗan daɗe.

Mutane suna son rubuta "duk kuɗin littafin nan na agaji ne." Jimlar tana da daɗin ji, kuma kusan kullum ƙarya ce ba da niyya ba. Ɗauki dandalin KDP na Amazon, wanda mafi yawan masu buga littafi da kansu ke amfani da shi. Idan ka sa wa bugun lantarki, wato wanda ake karantawa a waya ko kwamfuta, farashi tsakanin dala 2.99 da iyakar sama da dandalin ya ƙayyade (an daɗe tana dala 9.99), kana iya zaɓar kason 70 cikin ɗari a cinikin da aka yi a ƙasashen da tsarin ya shafa, a cire ɗan kuɗin tura fayil gwargwadon nauyinsa. Ƙasa da wannan farashi ko sama da shi, kason 35 cikin ɗari ne. Wato littafin dala 4.99 zai kawo kusan dala 3.49 kafin a cire kuɗin turawa. Wanda ya biya dala biyar yana zaton biyar ɗin ce ta tafi agaji, alhali kusan dala ɗaya da rabi ta tsaya a hannun kanti. A bugun takarda abin ya fi haka raguwa, domin sai an cire kuɗin buga kowane kwafi daga kasonka.

Abin da za ka rubuta shi ne gaskiyar lamarin: "Duk kason da ya shigo hannun masu littafin bayan kantuna sun cire nasu zai tafi ga gidauniya kaza." Idan kuma za ku fara cire kuɗin zanen bango ko na mai duba rubutu, ku faɗi haka, ku faɗi nawa ne. A nawa ra'ayin, gara ku yi karo-karo ku biya waɗannan daga aljihunku, ko ku sami masu yi kyauta, don kada a taɓa kuɗin ciniki ko kaɗan. Da zarar aka buɗe ƙofar "kuɗin ɗawainiya", rufe ta yana da wuya, kuma bayaninta ya fi wuya.

Sai batun asusun da kuɗin zai faɗa. KDP asusu ɗaya yake biya, ba ya raba wa marubuta ashirin. Hanya mafi tsafta ita ce gidauniyar ta buɗe asusun bugawa da sunanta, ku ɗora littafin a can, kuɗin ya shige musu kai tsaye ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Ba kowace ce za ta yarda ba, amma tambaya ba ta cin komai. Idan ba su yarda ba, ɗayanku zai karɓa, kuma shi ya kamata ya san abin da ya ɗauka. A idon hukumar haraji ta ƙasashe da dama, kuɗin da ya shiga asusunka samunka ne, ko da ka kyautar da shi washegari. Ban da haka, Amurka tana riƙe harajin kashi 30 cikin ɗari daga cinikin da aka yi a kasuwarta idan mai asusun ba ɗan ƙasar ba ne, sai fa in ƙasarsa tana da yarjejeniyar haraji da Amurka da ta rage adadin. Ana cike bayanan wannan tun lokacin buɗe asusu. Ka lissafa shi cikin abin da za ka gaya wa jama'a.

Wani abu ƙarami da ke jawo zargi: KDP yana biya ne kimanin kwana 60 bayan ƙarshen watan da aka yi ciniki. Littafin da ya fito a watan Maris, kuɗinsa na farko sai ƙarshen Mayu. Ka sanar da marubuta da gidauniya wannan tun farko, in ba haka ba a tsakiyar Afrilu za ka fara jin ana cewa, "Wai ina kuɗin nan ne?"

Kada ma'aji ya zama shi kaɗai ke ganin alƙaluma. A sa mutum na biyu, wanda ba ɗan'uwansa ba kuma ba amininsa ba, ya riƙa ganin rahoton ciniki duk wata. Wannan kariya ce ga ma'ajin kansa kafin kowa.

Mataki na uku: jigo da sanarwa

Kundin da ba shi da jigo taron tsintsiya ne, ba shara. Mai karatu zai tashi daga labarin soyayya ya faɗa na ban tsoro, daga nan ya faɗa na yara, ya ajiye littafin. Sai dai kuma kada ka ɗaure jigon da igiyar gidauniyar har ya shaƙe. Idan don masu cutar daji ake tara kuɗin, labari goma sha takwas a gadon asibiti ba wanda zai iya karanta su a jere. Ɗauki kalma ɗaya mai faɗi da ke da dangantaka da manufar, kamar "jira" ko "dawowa" ko "haske", ka bar kowane marubuci ya shiga ta ƙofar da ya ga dama. Abin da ya fi jigo muhimmanci shi ne ku san wa kuke rubuta wa: manya ne ko matasa, kuma ina iyakar abin da za a iya faɗa.

Game da girma, labari 15 zuwa 20, kowanne kalma 3,000 zuwa 4,000, zai ba ka kimanin kalma 60,000, wato littafi mai shafi ɗari biyu da ɗoriya. Wannan ya isa ya yi kama da littafi a hannu, kuma bai yi kaurin da kuɗin bugu zai cinye kason gidauniya ba.

Sanarwar neman labarai ta ƙunshi jigo, iyakar kalmomi, ranar rufewa, sunan gidauniya, irin fayil ɗin da za a turo, ko ana karɓar labarin da aka taɓa bugawa, da matsayinku kan rubutun da ƙirƙirarriyar basira ta samar. Wannan na ƙarshe ba batun ra'ayi kawai ba ne: tun 2023 KDP yake tambayar mai ɗora littafi ko akwai rubutu ko hoto ko fassarar da na'ura ta samar, kuma kai ne za ka amsa a madadin kowa. Ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba za a biya marubuci ko sisi ba, kuma turo labari ba ya nufin an ɗauka. Wata biyu zuwa uku ya isa wa'adi. Ko shekara ka ba su, rabin labaran a daren ƙarshe za su shigo.

Mataki na huɗu: takardar yarjejeniya da kowane marubuci

Shafi ɗaya ya isa, amma dole ne. Haƙƙin mallakar labari na wanda ya rubuta shi ne daga lokacin da ya rubuta, ba sai ya yi rajista ba. Ƙa'idar Yarjejeniyar Berne kan haƙƙin mallakar rubutu ke nan, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka sa wa hannu. Don haka abin da kake nema aro ne, kuma sai an faɗi iyakar aron: izinin buga labarin a wannan kundi, a takarda da lantarki, a duk duniya, na tsawon lokaci kaza. A faɗi ko marubucin zai dakata na wasu watanni, misali shida, kafin ya sake buga labarin a wani wuri. A faɗi cewa ya yafe kasonsa ga gidauniyar da aka ambata da suna, cewa labarin nasa ne bai kwaso na wani ba, cewa babu baitin waƙa ko dogon yanki na littafin wani a ciki ba da izini ba, da cewa edita zai yi gyara amma ba zai canza ma'ana ba sai da yardarsa. A ƙara layi kan abin da zai faru idan gidauniyar ta rufe ko ta janye, da ranar da za a sauke littafin daga kasuwa.

Akwai tambaya ɗaya da na koyi sakawa bayan na sha wuya. A wani kundi da na taimaka wajen haɗawa, saura kwana huɗu littafi ya fita, wata marubuciya ta ambata a cikin hira cewa labarin nata yana cikin wani ƙaramin littafinta da ta sa a tsarin KDP Select. Wannan tsari yana ɗaure bugun lantarki ga Amazon kaɗai na kwana 90 a jere, kuma yana sabunta kansa idan ba a kashe ba. Mu kuwa mun shirya sayar da kundin a kantuna da dama. Ba ta yi da mugunta ba, ba ta ma san akwai matsala ba. Haka muka kwana muna cire labarin, muna sake lissafin shafuka, muna gyara jerin abubuwan ciki, mai zane kuma ya sake auna kaurin bango don shafuka sun ragu. Tun daga ranar, tambayar "Shin labarin nan yana wani wuri a yanzu, kuma da wane sharaɗi?" tana kan fom ɗin turo labari, tun ran gini tun ran zane.

Mataki na biyar: tantancewa, da faɗin "a'a"

A nemi mutum ɗaya da ba ya cikin alƙalai ya karɓi labaran, ya cire sunaye, ya ba kowanne lamba. Mutum uku su karanta, kowa ya ba da makinsa shi kaɗai kafin a zauna. Waɗanda kowa ya so da waɗanda kowa ya ƙi ba su da wahala. Na tsakiya ne za ku yi gardama a kansu, kuma a nan ne ake duba abin da kundin ke bukata: idan an riga an sami labari biyar masu sa kuka, na shida ko ya fi su kyau zai iya rasa gurbi, a ba wa mai ban dariya.

Cire suna yana da amfani fiye da adalci. Yana ba ka bakin magana ranar da abokinka na shekara goma ya kira yana tambayar dalilin da ya sa aka bar nasa. Za a kuma ce maka, "Haba, ai aikin lada ne, a sa kowa mana." Kada ka yarda. Mutum yakan sayi littafin agaji sau ɗaya don tausayi, amma ba ya gaya wa abokinsa ya saya sai in labaran sun kama shi, kuma a wannan gaya wa juna ne kuɗin gidauniya yake. Labari mai rauni guda biyu a farkon littafi sun isa su sa a ajiye shi.

Wasiƙar ƙi ta zama gajeriya, mai mutunci, kuma ta je kafin a sanar da waɗanda aka ɗauka a fili. Babu abin da ke ƙona rai kamar mutum ya san sakamakonsa daga jerin sunayen da babu nasa.

Mataki na shida: gyara

Zagaye biyu tare da marubuci, ɗaya bayansa. A na farko a duba ginin labarin: farkon da ya yi ja, ƙarshen da ya zo a guje, ɗan wasan da ya ɓace a tsakiya ba bayani. A na biyu a bi jimla-jimla. A yi amfani da tsarin nuna gyara da ke cikin Word ko Google Docs, don marubuci ya ga kowane waƙafi da aka taɓa, ya karɓa ko ya ƙi. Na uku shi ne duban tuntuɓen alƙalami, bayan an tsara shafuka, kuma wanda bai taɓa ganin rubutun ba ne zai yi shi, domin idon da ya karanta labari sau biyar abin da ke kansa yake gani, ba abin da ke kan takarda ba.

Ka rubuta 'yar takardar ƙa'ida tun farko: wace alamar zance za a yi amfani da ita, yaya za a rubuta lambobi, da me za a nuna rabuwar fage. Daidaita waɗannan aikinka ne. Daidaita murya kuwa ba naka ba ne. Idan marubuciya ta sa ɗan wasanta yana magana da karin harshen yankinsu, bar shi. Edita da ya goge kowa har labari ashirin suka fito da murya ɗaya ya kashe abin da ya sa ake karanta kundi.

Ka ajiye jadawali guda mai layin kowane labari: ya sa hannu a yarjejeniya, an tura gyaran farko, ya dawo, tarihin marubuci ya iso. A kowane rukuni sai an sami wanda zai yi shiru na mako uku. Ka sa ranar da in ba a ji daga mutum ba za a wuce ba shi, ka faɗe ta tun da wuri.

Mataki na bakwai: jeri, bango da tsarin shafi

Labarin da ya fi saurin kama mai karatu shi ne na farko, ba lallai na marubucin da ya fi suna ba. Dalilin a fili yake: kantunan intanet suna nuna shafukan farko kyauta, a Kindle, kantin littattafan lantarki na Amazon, kusan kashi goma cikin ɗari na littafin, kuma a kan wannan ɗanɗano mai saye ke yanke shawara. Saboda haka kada ka cika gaba da godiya da gabatarwa mai shafi shida. Rabin shafi kan gidauniyar ya isa a gaba, sauran bayani da tarihin marubuta su koma baya. Labari na biyu a ƙarfi ya rufe littafin. A tsakiya ka riƙa sassaɓawa, dogo ya bi gajere, mai nauyi ya bi mai sauƙi.

Bango ya nuna irin labaran da ke ciki, ba irin taimakon da za a yi ba. Hoton yaro mai hawaye yana sa littafi ya yi kama da takardar roƙo. Layi ɗaya a ƙasa ko a bayan bango ya isa ya faɗi inda kuɗin za su. Don bugun lantarki KDP yana ba da shawarar hoto mai tsawon fiksal 2,560 da faɗin 1,600; ka rage shi zuwa girman ɗan yatsa ka gani ko sunan littafin yana karantuwa, don a haka mafi yawan mutane za su fara ganinsa a waya. Bangon takarda kuwa ba a kammala shi sai an san adadin shafuka na ƙarshe, tunda da shi ake auna kaurin ƙashin bayan littafin, wato gefen da shafuka suke haɗuwa. Duk hoton da aka yi amfani da shi a tabbatar lasisinsa ya halatta kasuwanci.

Bugun lantarki ana shirya shi a tsarin EPUB, na takarda a PDF. Inci 5.5 da 8.5 ko 6 da 9 su ne girman da aka saba. Idan harshen littafin yana da haruffa na musamman irin ɓ da ɗ da ƙ, ka zaɓi samfurin rubutun da ke ɗauke da su, kamar Charis SIL ko Gentium, ka tabbatar an cusa shi cikin fayil ɗin, in ba haka ba akwatuna za su fito a gurbinsu. Ka kuma duba ko harshen yana cikin jerin waɗanda dandalin da ka zaɓa ke karɓa, don ba kowane harshe kowane dandali ke ɗauka ba.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi da kantuna ke gane shi da ita, kowane irin bugu da tasa. KDP yana ba da ta kyauta ga bugun takarda, amma a wurinsa kaɗai take aiki. Idan kana son littafin ya shiga wasu kantuna ta IngramSpark ma, wani kamfanin bugawa da rarraba littattafai, sayi taka daga hukumar ISBN ta ƙasarka.

Kada ka danna "buga" sai ka riƙe kwafin gwaji a hannu. A allo komai yakan yi kyau. A takarda ne za ka ga rubutu ya nutse cikin ɗinki, ko sunan wani marubuci ya fito da kuskure a saman kowane shafi na labarinsa.

Mataki na takwas: farashi, kanti da ranar fita

Za a ba ka shawarar ka sa dala 0.99 don a saya da yawa. Yi lissafin da kanka. A wannan farashi kason 35 cikin ɗari ne, kusan santi 35 a kwafi. Sai ka sayar da goma kafin ka kamo abin da kwafi ɗaya na dala 4.99 ke kawowa, kuma mai sayen littafin agaji ba rahusa ya zo nema ba.

Sai ka zaɓa tsakanin Amazon kaɗai da kantuna da yawa. Kamfanin rarraba littattafai na Draft2Digital yana kai littafi kantunan Apple Books da Kobo da Barnes & Noble da kuma ɗakunan karatu, yana ɗaukar kimanin kashi goma cikin ɗari na farashi. Kowace hanya da ka ƙara, rahoto ɗaya ne ya ƙaru da ma'aji zai bi duk wata, don haka ka auna da ƙarfin mutanenka. Guraben sunayen masu hannu a littafi a KDP ba za su ɗauki mutum ashirin ba. Sa sunan edita da waɗanda gurbi ya ɗauka, ka jera kowa da kowa a cikin bayanin littafin, kuma ka faɗi yadda aka yi zaɓin kafin wani ya ji an ware shi.

Idan ka buɗe odar bugun lantarki tun kafin fitowa, ka kiyaye wa'adin ɗora fayil na ƙarshe, wanda yake cika kwanaki kaɗan kafin ranar fita. Wanda ya saɓa shi, KDP yakan soke odar, ya kuma hana shi wannan damar na shekara guda. Ba a fafe gora ranar tafiya: fayil ya kammala mako biyu kafin nan.

Ƙarfin kundi shi ne marubuta ashirin kowa da masu karatunsa, amma ba zai yi aiki da kansa ba. Shirya musu hotuna uku ko huɗu, gajerun jimloli da adireshin saye guda ɗaya, ka raba kwanaki don kada kowa ya yi magana ranar farko a yi tsit a ta biyu. Roƙi gidauniyar ta ambaci littafin ga magoya bayanta. Su ne mutanen da suka riga suka damu da manufar. Abu ɗaya da za ka hana: marubutan kundin da iyalansu kada su rubuta wa littafin sharhi a Amazon. Ƙa'idar kantin ta haramta sharhin wanda ke da hannu a kaya, kuma suna gogewa.

Mataki na ƙarshe: rahoto da rufewa

Duk lokacin da kuɗi ya shigo, ma'aji ya ɗauki rahoton kanti, shaidar shigar kuɗi, shaidar turawa ga gidauniya, da rasit ɗinsu, ya tura wa dukan marubuta a imel ɗaya. Wata uku-uku ya isa bayan zafin farko ya wuce. A faɗa wa jama'a jimillar ma, ko da ba ta da yawa. Ciniki yakan taru ne a makonnin farko sannan ya yi ƙasa sosai, kuma akwai watan da rahoton zai nuna kwafi biyu. A tura shi haka nan.

Idan ranar da aka rubuta a yarjejeniya ta zo, shekara ɗaya ce ko biyu, a sauke littafin daga kowane kanti, a jira wata biyu zuwa uku don ragowar kuɗin ya gama shigowa, a tura na ƙarshe. Sannan a rubuta wa kowane marubuci layi biyu cewa izinin da ya bayar ya ƙare a rana kaza kuma labarinsa ya koma hannunsa gaba ɗaya, don wata rana wani mai bugawa zai tambaye shi wannan takardar. Shafin bugun takarda yakan ci gaba da bayyana a Amazon ko bayan an sauke shi, saboda masu sayar da tsofaffin kwafi, kuma kuɗin waɗannan ba ya zuwa ga gidauniya. Kafin ka danna saukewa, gyara bayanin littafin ka cire alkawarin agajin, ka sa ranar da aka rufe tara kuɗin da jimillar da aka miƙa.